Shekara huɗu ina jiran sabuwar Silvia, maiɗakina ta ce ta gaji

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 35, ina da mata da 'ya ɗaya 'yar shekara uku, kuma muna sa ran ƙaruwa. Tun ina yaro nake son ƙananan motocin gudu na Japan, masu ƙofa biyu, waɗanda tayoyin baya ke turawa. Shekara huɗu ke nan ina tara kuɗi saboda irin wannan mota. Muna da Corolla ta zirga-zirgar gida. Kwanan nan wani dila ya nuna mini Toyota 86 ƙirar 2017 mai giyar hannu, kuma kuɗina za su kai. Sai dai kullum a YouTube ana cewa sabuwar Silvia ta Nissan na tafe, da Celica da MR2 na Toyota, da magajiyar RX-7 ta Mazda. Abokina ya ce in na saya yanzu zan ciji yatsa, wai tunda duniya duk irin motocin nan take nema, dole kamfanonin su fito da su. Har wani ya ce in ba da kafin alƙalami ya sa sunana a layi. Maiɗakina kuma ta ce ta gaji: ko in sayi motar kowa ya huta, ko a sayi fili, don har yanzu haya muke. Maganar ta fara jawo mana ɓacin rai a gida. Yaya zan yi?

Mai son mota, Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya raba lafiya, ya ba da mai albarka.

Mai neman kafin alƙalami zan fara sallama, don shi ya fi gaggawa. Ko sisi kada ka ba shi. Nissan ba ta nuna sabuwar Silvia ba, ba ta faɗi farashi ba, ba ta sa rana ba. Dilolinta na Yokohama, inda hedikwatarta take a Japan, ma ba su da layin da za su sa mutum, balle wani a Kaduna. In ya matsa, ce masa ya kawo takardar kamfani mai ɗauke da sunan motar da kuɗinta. Ba za ka sake jin ɗuriyarsa ba.

Sai abokinka. Yana da gaskiya ta fuska ɗaya: ana son motocin nan, so na haƙiƙa. Da Toyota ta buɗe cinikin GR86, magajiyar 86 ɗin da ka gani, a Ingila a 2022, cikin minti 90 aka kwashe duk kason da aka ware wa ƙasar. Amma masu so daban, masu saye daban, kuma kamfani masu saye yake ƙirgawa. Dubi Amurka, inda aka fi sayen irin wannan mota. A 2024 Toyota ta sayar da jif ɗinta RAV4 sama da 470,000 a can. GR86 ba ta kai 12,000 ba. Supra, babbar motar gudun Toyota da ake ta kururutawa, ko 3,000 ba ta cika ba, Nissan Z kuwa ta haura 3,000 da ƙyar. Abin da RAV4 ke yi a kwana uku ya fi abin da Supra ta yi a shekara.

Cinikin motar gudu kuma yana da wata ɗabi'a tasa. Masu sonta sukan yi rububi a shekara biyun farko, kowa ya sayi tasa, daga nan kasuwa ta yi sanyi. Irin 86 ɗin da ka gani, lokacin da ake sayar da ita a Amurka da sunan Scion FR-S, an sayar da kimanin 18,000 a 2013. Zuwa 2019 ba ta kai 4,000 ba. Akasarin masu ihu a intanet cewa a dawo da Silvia ba su da kuɗin sabuwar mota. Jira suke wani ya saya, ya hau shekara biyar, su karɓa a hannunsa. Kamfani kuwa ko kwabo ba ya ci a cinikin mota ta hannu. Kada ranka ya ɓaci, amma kai ma a cikinsu kake, ni ma haka.

Ga tsadar ƙira a gefe guda. Kusan duk ƙananan motocin Japan na yau, Corolla ce ko Civic, injinsu a gicciye yake a gaba yana jan tayoyin gaba, kuma gini ɗaya ake ɗora wa motoci iri-iri har miliyoyi, shi ya sa suke araha. Wadda baya ke turawa sai an miƙar da injin, a bi da farfela ta ƙarƙashin bodi har zuwa aksil na baya, yadda tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a garinku take. Wannan sabon gini ne tun daga tushe, saboda motar da ba za a sayar da ita da yawa ba. Ko Toyota, mai sayar da mota sama da miliyan 10 a shekara, ba ta yarda ta ɗauki wannan nauyi ita kaɗai ba. 86 a masana'antar Subaru da ke Gunma ake haɗa ta, injinta ma na Subaru ne. Supra ta 2019 'yar uwar BMW Z4 ce, injin BMW ne a cikinta, a garin Graz na Ostiriya aka ƙera ta, kuma Toyota ta sa 2026 a matsayin shekarar daina yin ta. Nissan da ta tashi sabunta Z a 2022, kan tsohon ginin 370Z ta ɗora sabon inji da sabon bodi. Kamfanonin da sai sun yi karo-karo kafin su fitar da mota ɗaya, su ne abokinka ke cewa dole su fitar da huɗu.

Hukuma ma ba ta barin su sakat. A watan Agusta na 2002 sabuwar dokar hayaƙi ta Japan ta yi awon gaba da Supra, da Skyline GT-R ta Nissan, da Silvia, da RX-7, duk a tashi ɗaya, domin kuɗin gyara injinansu su bi doka ya fi abin da cinikinsu zai mayar. GR86 shekara biyu kacal ta yi a kasuwar Turai, sabbin ƙa'idojin kariya daga haɗari na 2024 suka fitar da ita. Sabuwar Z kuwa tun farko ba a kai ta Turai ba saboda dokar hayaƙi.

To, hotunan da kake gani fa? Yawancinsu zanen kwamfuta ne. Da dama daga mujallun motoci na Japan suke samo asali, irin su Best Car, wadda ta daɗe tana buga hasashe haɗe da zanen yadda take jin motar za ta kasance. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta sha ƙasa. Sai wani ya ɗauki zanen, ya ɗora murya, ya rubuta shekara mai zuwa da manyan baƙaƙe. Shekarar na zagayowa ya goge, ya rubuta ta gaba. Shi dai ya sami masu kallo, kuɗin tallansa sun shiga.

Kai, ko motar da kamfani ya ƙera da hannunsa ya kai baje koli, mutane suka zagaye ta suna ɗaukar hoto, ba alkawari ba ce. A bajen kolin Tokyo na 2013 Nissan ta nuna IDx, 'yar ƙaramar mota mai ƙofa biyu da baya ke turawa, mai kama da tsohuwar Datsun 510. Mutane kamar su yi hauka. Har yau shiru. A 2015 Toyota ta nuna S-FR, wadda aka ce za ta zama ƙanwar 86 mai sauƙin kuɗi, Mazda kuma ta nuna RX-Vision, doguwa ja mai injin rotari, wato inji marar fistin irin na RX-7. Babu wadda ta taka kwalta a cikinsu. Waɗanda suka fito ɗin ma sai da aka sha jira. An nuna samfurin 86 a 2009, aka fara sayarwa a 2012. An nuna FT-1 a Detroit a Janairun 2014, sai Janairun 2019 ta zama Supra. Wanda ya zauna jiran sabuwar Supra tun ranar da aka daina tsohuwar, shekara 17 ya yi.

Silvia da ka fi ƙwallafa rai a kanta, ita ce ta fi nisa a ganina. Manyan Nissan sukan ce suna sha'awar dawo da ita, kuma ban ce ƙarya suke ba. Amma kamfanin neman kansa yake. Maganar haɗewarsa da Honda ta wargaje a Fabrairun 2025, a watan Mayu ya sanar da rage ma'aikata 20,000 da rufe masana'antu 7, a Agusta kuma ya daina ƙera GT-R da ya soma tun 2007, ba tare da magajiya a ƙasa ba. Mai rufe masana'antu ba ya fara farfaɗowa da motar da ba ta kawo riba. Mazda ta nuna Iconic SP a 2023, kyakkyawa ƙwarai, ta kuma sake tara injiniyoyinta na rotari a Fabrairun 2024. Da gaske take so. Sai dai ƙaramin kamfani ce, kuma rotarin da ta dawo da shi kasuwa a cikin MX-30 ba ya juya taya, caja batir kawai yake yi.

Toyota ce na fi yarda za ta yi wani abu. Tana da kuɗi, kuma Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, da kansa yake shiga tsere da sunan Morizo. A Nuwamban 2024 mataimakin shugaban kamfanin, Hiroki Nakajima, ya faɗa a bainar jama'a cewa za su yi Celica. A Janairun 2025 kuma suka nuna wata GR Yaris ta gwaji da aka mayar da injinta bayan kujerun direba, abin da ya sa ake ta maganar MR2. Amma a nan akwai abin da masu bidiyo ba sa tsayawa su faɗa maka. Celica tun 1985 ta daina turawa da baya. Gaba ke ja, ko kuma duk tayoyin huɗu a nau'inta da ake kira GT-Four. MR2 kujera biyu gare ta, ba wurin ko jariri. Dawowar suna kuma ba dawowar mota ba ce. Honda ta dawo da Prelude a Satumban 2025, sai ga ta gaba ke ja, kamar yadda take tun asali, mai haɗa fetur da lantarki, ba giyar hannu, kuɗinta a Japan sama da yen miliyan 6. Mitsubishi ta dawo da sunan Eclipse a 2017, ta liƙa wa jif.

Mu ɗauka ma gobe an yaye wa motar mafarkinka mayafi a Tokyo. Kafin ta iso ƙofar gidanka akwai tafiya. Ta Japan sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙin hannun dama, kuma doka ba ta yarda a yi wa mai sitiyarin dama rajista ba. Dole sai kamfani ya yi mai sitiyarin hagu don Amurka ko Turai ko ƙasashen Larabawa, kuma ba kullum yake yi ba: Silvia ta ƙarshe, S15, ba a taɓa fitar da ita da sitiyarin hagu ba. In an yi, sabuwa dal za ta fi ƙarfinka, tunda GR86 da ake kira mai araha ma kusan dala 30,000 aka sayar da ita a Amurka a 2024, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Sai ka jira ta tsufa, ta zama tokumbo. Shekara uku kafin a fara sayarwa, biyar kafin farashinta ya sauko inda hannunka zai kai: 'yarka ta kusa shiga sakandare ke nan. In kuma a naira kake ajiyar, ka fi ni sanin abin da ya faru. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wannan jiran gawon shanu ne, kuma kuɗinka ne ke biyan kuɗin zaman.

Saboda haka cire motocin da ba a ƙera ba daga lissafi. Abin da ya rage a gabanka biyu ne, 86 ɗin nan ko fili, kuma su ne daidai abin da maiɗakinka ta faɗa maka tun farko.

Ba ka ce ka taɓa tuƙa 86 ba, kuma ina zargin ba ka taɓa ba. Je ka tuƙa kafin komai, don mutane da yawa sun sha mamaki. Ba ta da gudun da siffarta ke nunawa. Ta 2017 mai giyar hannu ƙarfin doki 205 gare ta, ba turbo, kuma a miƙaƙƙiyar hanya Camry mai silinda shida za ta bar ka a baya, mai ita yana sauraron rediyo. Akwai ma wani wuri wajen juyi 4,000 da za ka taka totur ka ji kamar injin ya tsaya tunani kafin ya ci gaba. Daɗinta a kwana yake. Kujerar a ƙasa take har kamar a kan titi kake zaune, sitiyarin na gaya wa hannunka duk abin da tayoyin gaba ke takawa, giyar gajeriya ce tana shiga da ɗan ƙas, in ka fito daga kwana kuma ka ji ana tura ka daga ƙugu. Da gangan injiniyoyinta suka sa mata siraran tayoyi, irin waɗanda ake sa wa wasu Prius, motar Toyota mai tsimin fetur, domin bayanta ya riƙa zamewa ko ba a yi gudu sosai ba. Wanda wannan ya burge shi ba ya son wata mota bayanta. Wanda yake neman ya tsere wa kowa a hanyar Zariya kuwa, wata uku sai ya fara neman mai saye.

In ka tuƙa ta shiga ranka, to ka duba ta da idon mai shakka. Irin wannan mota ba limamai ke hawanta a Amurka ba. Nemi lambar bodinta ka bincika tarihinta, don da yawa daga motocin da ke zuwa mana daga gwanjon masu haɗari ko waɗanda ruwa ya ci suke fitowa. Sa a ɗaga ta ka leƙa ƙasa: aksil na baya, ko yana yoyo ko kuka, tayoyin baya, ko sun fi na gaba cinyewa, salansa da shokozoba, ko an canja su da na 'yan wasa. Taka kuloci a hankali ka saurara, in yana ƙara akwai aiki. Motar da aka yi wa gyare-gyaren ƙarin gudu, bar ta ko an rage maka kuɗi.

Ka kuma san cewa tambarin Toyota ne a goshi, amma cikin Subaru ne. Injin a kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu, har canjin fulogi sau da yawa sai an ɗan ɗaga injin. Bakaniken da ya ƙware a Corolla zai ce maka ya iya, kada ka yarda sai ka ga ya taɓa buɗe Subaru. Samo mai gyaran tun kafin ka biya kuɗin motar, ka tambaye shi inda zai samo kayanta da kwana nawa za su ɗauka. Tana son fetur mai kyau da baƙin mai marar kauri irin wanda kamfani ya rubuta. Man 'yan bumburutu ba nata ba ne. Tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 13 ba, don haka ka tuna da lungunku in damina ta kankama, da tudun rage gudu da ke gaban kowace makaranta. Batun wai za ta riƙe darajarta kuma, manta da shi. Tsofaffin Supra da Skyline sun yi tsada ne saboda ba su da yawa, ga kuma dokar Amurka da ke barin a shigo da mota in ta cika shekara 25, wadda ta buɗe musu kasuwar masu kuɗi. 86 an ƙera ta da yawa, kuma ranar da ka tashi sayar da mota mai ƙofa biyu da giyar hannu a Kaduna, masu tayawa ba za su cika hannu ba. Abu ɗaya zan roƙe ka: zamiyar baya da ake sonta saboda ita, ba a titin unguwa ko ayarin biki ake yin ta ba. An yi asarar rayuka da yawa a wasan mota.

Yanzu ga maiɗakinka, wadda ita ce ainihin dalilin wasiƙarka, ko da ka ajiye ta a layin ƙarshe. Lura da abin da ta ce. Ba ta ce kada ka sayi motar ba. Mata da yawa da tuni sun kai ƙara wajen iyaye. Ita cewa ta yi ka yanke hukunci. Shekara huɗu tana kallon kuɗi a ajiye, ba a ci ba, ba a gina ba, ana biyan haya, duk saboda zanen da wani ya yi a kwamfuta. Ko wane ne zai gaji. Ina kuma jin, Allah ya sa ba zato na yi maka ba, jiran kansa ya zame maka abin jin daɗi: kallon bidiyo da dare, gardama da abokai kan ko turbo za a sa ko lantarki, duk ba tare da ka taɓa biyan kuɗin taya ba. Ba laifi ba ne, amma wannan nishaɗin kyauta ne, ba ya bukatar a daskarar da dukiyar gida.

Da ni ne, ga jariri na tafe ga haya a wuya, fili zan saya. Fili a wuri mai kyau yakan bi tsadar rayuwa ya tashi, mota kuwa kullum sauka take, kuma za a ci gaba da samun 86 da tagwayenta BRZ ta Subaru da GR86 na hannu shekaru masu zuwa, ba ƙarewa za su yi ba. Amma kuɗin guminka ne, kuma ban yarda mutum ya binne duk abin da yake so don ya yi aure ba. Wanda aka tilasta wa haka yakan riƙe abin a ransa, ya fito ta wata hanyar. In bayan ka tuƙa ka ga ba za ka iya haƙura ba, to da sharaɗi: Corolla ta zauna, kuɗin haihuwa da suna da hayar shekara a ware su gefe, a ajiye wani abu na gyaran motar, abin da ya rage shi ne farashin da za ka taya. In bai kai ba, ba a cin bashi, an koma kan fili.

Zauna da ita cikin makon nan, ba lokacin da rai ya ɓaci ba. Faɗa mata adadin kuɗin da ke ajiye, in ba ta sani ba, ka ba ta haƙuri kan jan lokacin, ku sa rana tare, kada ta wuce wata biyu. Ranar zuwa ganin motar ku tafi tare, ku ɗauki yarinyar. Kwantar da kujerar gaba ka gwada shigar da ita baya ka ɗaura mata bel, sannan ka bar maiɗakinka, da cikinta, ta gwada zama a gaba ta tashi. Filin ma ku je ku gani a ranar, kafin ka koma wa dila da amsa.